Dariyar da Na Hana Mwakio

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yau Mwakio ya yi dariya.

Na rubuta ne don kada gobe in ce mafarki na yi. Shekara ashirin da ɗoriya ina zaune a hannun damansa muna rubuta wasannin barkwanci na talabijin, tun daga Shagon Aski har zuwa Bene na Uku da ake nunawa yanzu, ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba. Mutumin da ya sa rabin Nairobi ke rugawa gida duk ranar Alhamis, shi kansa ba ya dariya. In ka kawo magana mai daɗi sai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa, ya ce, "Wannan da ban dariya," ya sa mata alama a gefen takarda, shi ke nan.

Dariya aikina ce. Kowace Litinin 'yan wasa suna zagaye tebur su karanta rubutun mako, kuma kunnen kowa yana wajena. In na fashe, ɗaki ya fashe, Mwakio ya sa alama. In na yi shiru, maganar ta mutu, a cire ta. Ba wanda ya taɓa kafa wannan doka, haka kawai muka taso, tun ina da gashi a ka.

To yau ana cikin karatu, yarinyar nan Kerubo, wadda ya ɗauko daga gidan rediyo farkon shekara, ta sunkuya ta raɗa masa wani abu a kunne. Sai na ji wani sauti kamar ana jan tsohon benci a kan siminti. Na waiwaya, ashe Mwakio ne, har da dafe tebur.

Ban ji abin da ta ce ba, ban kuma tambaya ba.

Talata, 4 ga Maris, da safe

Ko a jikina. Bakinsa ne, ya yi dariyar da wanda ya ga dama.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Muna neman yadda za a rufe kashi na biyu, Mwakio ya ɗaga hannu ya ce wani abu ya zo masa yanzu-yanzu. Wai mai gidan haya zai sa wa akuyarsa kwat ya shiga da ita matatu, motar hayar nan ta cikin gari, don kada a caje shi kuɗin kaya, sai kwandasta ya dubi gemunta ya ce ta biya kuɗin babba. Yaran da ke ɗakin suka juyo suna kallona. Na yi dariya, suka yi.

Mun yi wannan akuyar a Shagon Aski, shekararmu ta biyu. Kuma gemun nawa ne. Shi ya kawo akuya da kwat, ni na ce kwandasta ya dubi gemu, muna cin gasasshiyar masara a bakin titi, ina tune da wurin. A wancan lokacin ma da sunansa ta fita. Kullum haka ne: sunansa ya cika allo, ya tsaya har kaka ta gama karantawa, nawa kuma ya gilma da ƙananan baƙaƙe daidai lokacin da tallar man girki ke shigowa. Ban taɓa magana ba. Amma a ce a gabana za a sake ɗauko abina a kaɗe masa ƙura a ce yanzu ya zo, wannan raini ne.

Da aka tashi na ga Kerubo ta ja layi a kan akuyar a takardarta. Wa ya ba ta izinin soke maganar Mwakio, mutumin da kowa ke ce wa Mzee don girmamawa?

Asabar, 8 ga Maris, bayan abincin rana

Na ba matata Naliaka labari tana tuƙa ugali, tuwon masararmu. Ba ta ko juyo ba.

"Baban Wafula, kai fa kishi kake yi."

"Kishin me? Yarinyar da na girmi ubanta?"

"To me ya hana ka barci tun Litinin? Sauro?"

"Maganar aiki nake miki, Maman Wafula."

"Ni ma ita nake maka. Shekara nawa ina ba ka labari a gidan nan ba ka yi mini irin dariyar da kake wa Mwakio ba, ka taɓa ganin na ƙi cin abinci? Tashi ka je ka tambaye shi abin da ke faruwa. Abokinka ne ko gwamna?"

Na ce mata ba a haka a wajen aikinmu. Ta ce ai ta sani, a wajen aikinmu sai an rubuta wa mutum magana kafin ya iya faɗa.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ƙofarsa a rufe. Tun da muka kama wannan ofis shayin safe tare muke sha, shi ya kawo mandazi, fanken nan namu, ni in kawo gulmar gari, daga nan ne rabin wasanninmu suka fito. Yau na ƙwanƙwasa, Kerubo ta buɗe ɗan kaɗan, iya faɗin fuskarta.

"Baba Simiyu, ina kwana. Mzee ya ce a ba shi zuwa goma."

"A ba shi? Ni ne 'a'?"

"Haka dai ya ce, Baba."

Ta bayanta na hango kofuna biyu a kan tebur. Na koma ofishina na sha nawa a tsaye.

Laraba, 12 ga Maris, da safe

A rufe.

Alhamis, 13 ga Maris, da safe

A rufe. Na ji muryarsa yana ta magana, ita kuma tana buga na'ura.

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

A bakin ɗan wasa na ji. Ni, a bakin ɗan wasa. Kituku, wanda ke fitowa a mai gidan haya, ya tare ni a wajen ajiye motoci yana washe baki.

"Shugaba, ashe sabon shiri ake dafa mana ba ku faɗa ba? An ce ni ne babba a ciki."

Na ce masa ai ba a son surutu ne tukuna, kamar na sani. Da dabara na tatsi sauran. Gidan talabijin zai sauke Bene na Uku ƙarshen wannan zango, suna son sabon abu a gurbinsa. Za a karanta kashin gwaji ranar 31 ga wata a gaban Madam Njambi, shugabar shirye-shirye. In ta ji ɗaki ya ɗauka, an saya. In ba ta ji ba, an wuce wurin.

Mwakio ya yi mini alkawari, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: shiri na gaba naka ne, Simiyu, kai za ka riƙe shi, sunanka zai tsaya a allo shi kaɗai. Ya faɗa a bikin Wafula a gaban surukaina. Na jira, na ga ya yi shiri bayan shiri kamar kaza na saka ƙwai, kowanne ya ce na gaba. Ga na gaban ya zo, ana rubuta shi a bayan ƙofa da wata.

Ba na jin haushin yarinyar. Me ta yi mini?

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

A wajen karatu ya kira ni Mwanyumba. Sunan wansa ne da ya rasu tun kafin mu haɗu. Ya ce, "Mwanyumba, miƙo mini ruwa." Na miƙa. Kerubo ta yi sauri ta sako wata magana. Ta iya sako magana.

Wato har sunana ya fara fita daga bakinsa. To, madalla.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe takwas na yamma

Ni na neme shi, don Naliaka ta ishe ni. Na ce mu haɗu wajen mai gasa naman nan na bayan kasuwar Kenyatta, inda muke zuwa tun ba mu da mota. Ya ce to. Na sa aka gasa haƙarƙari, na zauna har naman ya huce, kitsen ya daskare. Can sai ga wayarsa.

"Simiyu, sun canja hanyar nan ne?"

"Wace hanya? Kana ina?"

"Ga wani gidan mai... ban san shi ba. Bar shi kawai, na gaji. Wani jiƙon."

Ana ta aikin titi a garin nan, kowa yana iya ruɗewa. Ko kuma ba ya son zuwa ne ya rasa abin faɗa, wanda shi ne na fi yarda da shi. Na kawo naman gida. Da na ba Naliaka labari ta ajiye cokali ta faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta a nan ba. Ita ba ta san shi kamar yadda na san shi ba.

Lahadi, 23 ga Maris, bayan coci

Ruwa ya sauka. Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba, ina ta lissafin wane ofis za su ba Kerubo.

Laraba, 26 ga Maris, tsakar rana

Bari in faɗi gaskiya ko da wa takarda ce. Yarinyar ta iya. Jiya ta gyara mini wani wuri da na kwana uku ina fama da shi, kalma biyu kawai ta matsar, abin ya tashi. Ta kuma yi shi cikin ladabi, "Baba, ko a gwada haka?" Ladabin ne ya fi ƙona mini rai. Da ta yi rashin kunya da na samu abin riƙewa.

Kishi nake yi. Ga shi na rubuta. Naliaka ba za ta gani ba.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

An raba rubutun gwajin. Nawa a kan tebur na same shi, kamar na kowa. Sunansa Kwandasta Ya Yi Ritaya, a ƙasa kuma sunan Mwakio shi kaɗai.

A cikin mota na buɗe, ruwa na dukan gilashi. Tsohon kwandastan matatu ne ya bar aiki ya dawo gida, ya kasa daina sana'a. Yana tsayawa a ƙofar falo yana kiran fasinjan kicin. In matarsa za ta tashi sai ya bubbuga bango sau biyu kafin ta motsa. Baƙi huɗu a kujerar mutum uku, yana cewa a matsa, akwai wuri. A shafi na uku na ji abin yana taso mini daga ciki, na rufe takardar da sauri.

Wannan ba hannun Mwakio ba ne. Mutumin da ke sayar mana da tsohuwar akuya a matsayin sabuwa, ina zai samo wannan? Sabo ne fil, ba ko ƙamshin abin da muka taɓa yi. Nata ne. Ya ɗora sunansa don Madam Njambi ta saya, in an saya ya miƙa mata riƙo, ni kuma a ci gaba da ajiye ni a gefe ina yi musu dariya kamar injin da ake kunnawa.

Ban karanta sauran ba.

Lahadi, 30 ga Maris, da yamma

Ba wanda zai ce na yi wani abu. Ba dole ba ne mutum ya ji abu ya ba shi dariya.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe uku na rana

An yi.

Madam Njambi ta zo da mutum biyu, aka ba ta kan tebur, aka kawo shayi da kofunan baƙi. Mwakio ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka. Ni a damansa, Kerubo a hagu. Kafin a fara ya dafa gwiwata a ƙarƙashin tebur, abin da bai taɓa yi ba. Na ɗauka lallashi ne.

Kituku ya fara, kuma ya shiga rigar mutumin tun layin farko. Da ya kai wurin kiran fasinjan kicin, na ji duk ɗakin ya ja numfashi ya juyo. Na kafa ido a takarda, na ciji cikin kumatuna. Wata 'yar wasa ta fara, ta ga ita kaɗai ce, ta mai da shi tari. Mwakio ya ɗaga alƙalami, ya dube ni, ya sauke.

Haka muka tafi shafi bayan shafi. Akwai wurin da surukin kwandastan ya zo gaisuwa, ya tashi tafiya, tsohon ya riƙe shi a bakin ƙofa wai ba a sauka a nan, sai an kai tasha. Ban san da shi ba, don ban karanta ba. Sai da na danna farce a cinyata. Ɗan wasa kuwa in ya jefa magana biyu ba a cafe ba, jikinsa mutuwa yake. Kituku ya fara sauri, ya fara haɗiye ƙarshen magana, zufa ta keto masa. Kafin a kai rabi abin ya daina ban dariya da gaske, ban ma ƙara buƙatar cizon komai ba.

Duk wurin da ya kamata a yi dariya, Mwakio sai ya waiwayo ya dube ni. Ba harara ba. Kallo ne irin na mai tambayar hanya.

Madam Njambi ta duba wayarta, ta shanye shayinta, ta ce, "Mun gode, Mzee, za mu neme ku." Kerubo ta tattara takardu ba ta dubi kowa ba. Takardar Mwakio ko alama ɗaya babu.

Na ci abincin rana sosai. Ina rubuta wannan ma don gaskiya ce.

Talata, 1 ga Afrilu, da safe

Ƙofar a buɗe. Bai zo ba.

Laraba, 2 ga Afrilu, da safe

Bai zo ba. Kerubo ta gaishe ni kamar kullum.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Ya zo da sassafe, ya aiko a kira ni. Kofuna biyu, da mandazi a takarda. Na zauna ina jiran faɗa, har na shirya amsoshina tun a hanya.

"Sun ƙi," in ji shi. "Za su ƙara wa Bene na Uku zango ɗaya, daga nan su ga. Na ce musu kai za ka riƙe. Na sa hannu jiya."

Na ce, "Kai fa?"

"'Yata Wakesho za ta zo ta kai ni gida Wundanyi. Ta daɗe tana yi mini naci, 'yar nan, ni ne na ce sai na gwada abu ɗaya tukuna." Ya tura mini mandazin. "Na gode, Simiyu."

"Da me?"

"Da Litinin. Yaran nan ko jadawalin motoci na karanta musu za su yi dariya, albashinsu nake biya. Ni kuma yanzu ba na iya ji da kaina. In na rubuta abu, ban san ko mai kyau ne ko na taɓa yin sa ba. Kunnena ya tafi. Saura naka." Ya kurɓi shayi. "Mako uku ina yin abin nan, kowace safiya, kafin hazon mantuwa ya sauko mini. Na ce in Simiyu ya yi dariya, to da saurana, in bar masa sabon gida ya shiga da sunansa, ba wannan tsohon mai yoyo ba. In bai yi ba, in tattara in tafi tun ana ganin mutuncina. Wani abokin da sai ya yi mini kara."

Na ce, "Kai ka rubuta?"

"To wa? Ka ga ya yi kama da na mai lafiya?"

Mandazin yana bakina, na kasa tauna shi, na kasa fito da shi. Na buɗe baki in yi magana sai ya ɗaga hannu, ya ce kada in ɓata abin kirki da ban-haƙuri.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe shida

Na tare Kerubo a matakala. Na so ta ce ƙarya yake.

"Ko waƙafi ban sa ba, Baba. Shi yake faɗa, ni ina bugawa. Aikina ɗaya, in ya ɗauko abin da ya taɓa yi in ce masa an yi. Saboda haka ya sa na zauna na kalli tsofaffin kaset ɗinku kaf, tun daga Shagon Aski. Wata safiyar sai mu zubar da goma kafin a samu ɗaya sabuwa. In an samu kuwa, ka ga yadda yake murna."

"Me ya sa ke? Ina nan, ƙofa da ƙofa."

"Na tambaye shi. Ya ce ni ban san shi da ba, ba zan ji tausayinsa ba. Ya ce kai kana gani za ka gane, ka dinga gyara masa a ɓoye kana cewa shi ya yi. Kuma yana son ka ji shi sabo ranar karatu, kamar kowa."

Sai na ji bakina yana tambayar abin da ta raɗa masa ranar da ya yi dariya. Ta yi ɗan tunani kafin ta tuna.

"Au. Ce masa na yi takalmansa ba iri ɗaya ba ne, ɗaya baƙi ɗaya ja. Ya ce in yi shiru, yana da irinsu sak a gida."

Wato maganar ma tasa ce.

Ta sauka taki biyu ta tsaya. "Baba, na zauna kusa da kai wata uku. Na san yadda kafaɗarka take yi in abu ya kama ka. Ranar Litinin ta yi." Ba ta jira amsa ba.

Abin kunya, har yanzu da nake rubutun nan, wani gefe na zuciyata ba nadama yake ba. Cewa yake: ita ta samu safiyoyin nan, ni ban samu ba.

Asabar, 5 ga Afrilu, da rana

Na karanta rubutun gwajin duka a tsakar gida, kusa da kejin kaji, dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Naliaka ta fito da gudu ta ɗauka wani abu ne ya same ni. Ta tsaya tana kallona, ta koma ciki, ta kawo mini ruwa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma na san ta sha wuya kafin ta haɗiye.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin Madam Njambi na roƙi a sake karatu. Na ce ranar ba ni da lafiya.

"Malam Simiyu, kai ne fa ka koya mana ba a karanta wa ɗaki abu sau biyu. Sun riga sun san inda za a yi dariya, me zan auna? Kuma gurbin na bayar." Ta raka ni har ƙofa. "Ina taya ka murna, af. An ce sunanka zai hau sama."

Na kira Mwakio daga mota na ce masa rubutun yana da kyau, ni ne na danne dariyata da gangan. Na faɗa da bakina, a fili. Ya ce, "Ka ga irin abin da na ce kada ka yi ke nan." Ya kashe.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da yamma

Mwakio da Wakesho sun tafi da safe. Sunana ya tsaya a allo yau, shi kaɗai, manyan baƙaƙe. Wafula ya kira daga Mombasa yana ihu. Na ce masa na gode.

Litinin, 14 ga Afrilu, da rana

Na ce Kerubo ta koma ofishinsa, ni ina nan a nawa. Ta ƙi. Yanzu ba kowa a ciki.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma, a motar dawowa

Jiya na je Wundanyi. Na kwana a hanya, a garin Voi, na hau dutsen garinsu da safe da rubutun a jaka. Wakesho ta tare ni a ƙofa ta ce, "Kawu, ka yi sa'a, yau da dama-dama. Amma in rana ta karkata kada ka ji komai."

Na same shi a baranda da bargo a gwiwa, yana kallon gonar ayaba. Yana ganina ya ce, "Kai, wa ya bar maka ofis ka taho yawo? Tumbin nan kuma na furodusa ne?" Muka ci abinci, muka zagi gidan talabijin, muka zagi Kituku. Ya tuna sunan mai gadin sitidiyonmu na farko, wanda ni na manta. Na yi ta neman inda zan sako maganar, ina ɗagawa, har aka kawo shayin la'asar. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Da na ga rana tana tafiya sai na fito da takardun kawai na fara karantawa, ban ce masa komai ba. Na yi muryar kwandastan, na yi ta matar, na bubbuga bangon barandar sau biyu. Ya gyara zama. Ya karkato kunne, yatsansa yana bugun hannun kujera daidai inda kowace magana ke sauka. Da na kai wurin surukin da aka hana sauka ya ce in maimaita, na maimaita. Wakesho tana bakin taga, hannunta a baki. Na karanta har shafin ƙarshe, muryata ta dushe.

Ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Wannan ya san aiki," ya ce. "Ka ga bai yi gaggawa ba? Ya bar tsohon da mutuncinsa. Ku riƙe shi da kyau, kada wani gidan ya ɗauke muku. Wane ne?"

Na ce, "Kai ne, Mwakio. Naka ne. Kai ka rubuta."

Ya dube ni da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙon da ya kawo tsaraba.

"A'a, ɗan'uwa. Ni ma na taɓa gwada wani mai kama da shi, amma nawa bai yi ba." Ya matso, ya rage murya don kada 'yarsa ta ji. "Abokina yana wurin da aka karanta, Simiyu. Ko sau ɗaya bai yi dariya ba. In ka koma Nairobi ka tambaye shi, shi ba ya yi mini ƙarya."

Na ce to, zan tambaye shi.